Sauke Cajin Batirin LiPo da Caja da Tarin Rizista: Ina Amfanin, Ina Haɗarin?

Masu tayar da ƙananan jirage marasa matuƙi da masu tseren motocin wasa na rimot sun daɗe suna muhawara a kan sauke cajin batir. Wani ya ce sai an zuƙe shi tas kafin a sake cika shi. Wani ya ce saukewar kashe batir ce kawai. Wani kuma ya ɗauko ƙwan fitilar mota ya jona wa batirinsa ya tafi sallah, ya dawo ya tarar ya mutu murus. Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa ayyuka daban-daban a ƙarƙashin suna guda, da kuma rashin sanin rabon aiki tsakanin caja da rizista. Wannan sharhi zai warware su ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar kalmomin

LiPo taƙaitaccen suna ne na batirin litiyam folima, wato dangin batirin waya da na kwamfutar cinya. Bambancinsa da wasu baturan litiyam shi ne ba a cikin gwangwanin ƙarfe yake ba, a cikin jaka mai laushi ta alminiyom da leda aka naɗe shi. Hakan ya sa ba shi da nauyi, kuma yana iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda, amma ba ya jure huda ko matsa.

Kowane batir ƙwayoyi ne da aka jera. Ƙwaya guda tana da bolt 4.2 idan ta cika, matsakaicin ƙarfinta 3.7, kuma ba a son ta sauka ƙasa da 3.0. Harafin S da ake gani a jikin batir yana nuna yawan ƙwayoyin da ke jere: 3S ƙwaya uku ke nan, bolt 12.6 a cike, 6S kuma ƙwaya shida, bolt 25.2.

Bolt ma'aunin ƙarfin turin lantarki ne, amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana, wat kuma abin da ake samu idan aka ninka su biyun. Lambar mAh tana nuna cikin batir: mai 5,000 zai iya ba da amfiya 5 na tsawon awa guda. Shi ake kira saurin 1C, wato wutar da za ta ƙarar da batir cikin awa ɗaya.

Rizista ƙaramin kayan lantarki ne da ke tare wa wuta hanya, ya mayar da ƙarfinta zafi. Ana auna tarewarta da om. Tarin rizista kuwa rizistoci ne manya da aka haɗa a kan faranti guda domin su raba zafin a tsakaninsu. Sai wayar balans, wato siraran wayoyin nan masu farin kai da ke fitowa daga batir, waɗanda ta cikinsu caja ke karanta kowace ƙwaya ita kaɗai.

Daga ina batun ya taso

Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da batirin litiyam mai caji a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa. Kafin LiPo ya mamaye harkar jirage da motocin rimot a shekarun 2000, baturan nikel ne ke tashe. Tsofaffin 'yan harkar sun saba da zuƙe waɗancan batura kafin caji, saboda imanin cewa idan ana cika su ba su ƙare ba, cikinsu na raguwa. Da aka koma litiyam, al'adar ta biyo mutane, alhali shi ba shi da wannan matsala. Ana iya cika shi daga rabi ko daga kashi 80 cikin ɗari ba tare da wata illa ba. Abin da yake ƙi guda biyu ne: zama a cike na tsawon lokaci, da faɗuwa ƙasa da ƙa'ida.

Dalilai huɗu, iyakoki huɗu

Tambayar farko ga duk mai son sauke caji ita ce: don me? Amsarta ce ke nuna inda za a tsaya.

Dalili na farko, kuma mafi yawa, shi ne ajiya. Mutum ya cika batura zai fita, hadari ya taso ko aikin ya fasa. Idan ƙwaya ta kwana da kwanaki a bolt 4.2, ruwan sinadarin da ke cikinta yana lalacewa a hankali, yana fitar da iska, jakar ta kumbura, ƙarfin batirin ya ragu. Don haka ake sauke shi zuwa bolt 3.8 ko 3.85 a kowace ƙwaya, wato kusan rabin caji. Wasu batura na zamani, irin na jiragen DJI, suna da na'urar da ke yin wannan da kanta bayan 'yan kwanaki. Baturan da ake haɗa wa jirgi ko mota da hannu ba su da ita, sai mai su ya yi.

Na biyu shi ne gwaji. Wanda ke son sanin ko batirinsa har yanzu yana riƙe abin da aka rubuta a jikinsa, zai cika shi, ya sauke shi da wuta daidaitacciya zuwa wajen bolt 3.2 ko 3.3 a ƙwaya, ya duba adadin mAh da ya fita. Wannan ba aikin kullum ba ne.

Na uku shi ne shirin tsere, wanda za a yi bayaninsa a gaba.

Na huɗu shi ne zubarwa. Batirin da ya kumbura ko ya tsufa ana zuƙe shi har sifili, domin kada ya kama da wuta a bola ko a motar shara. A nan kaɗai ake nufin kashe batir da gangan, kuma wanda aka kai sifili ba a sake cajinsa har abada.

Akwai kuma batun sufuri. Tun daga 1 ga Afrilun 2016, ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta cewa baturan litiyam da ake aikawa su kaɗai a jirgin kaya kada cajinsu ya wuce kashi 30 cikin ɗari. An kai ga haka ne bayan haɗura irin na jirgin kaya na UPS da ya faɗi a Dubai a Satumban 2010 sakamakon gobara a cikin kayan da ya ɗauko, waɗanda suka haɗa da baturan litiyam masu yawa. Hikimar ita ce, batirin da cajinsa ya yi ƙasa ba ya tashin wuta da ƙarfi kamar cikakke.

Inda caja ke gazawa

Kusan kowace cajar LiPo tana da zaɓin saukewa da na ajiya. To me ya kawo rizista? Amsar tana cikin zafi. Ƙarfin da aka cire daga batir ba ya ɓacewa, dole ya je wani wuri. A cikin caja, transisto ce ke ƙone shi, ƙaramar fanka tana hura mata iska. Akwatin caja ƙarami ne, zafin da zai iya fitarwa kaɗan ne. Sananniyar cajar nan iMAX B6 tana caji da wat 50, amma wat 5 kacal take iya saukewa.

A ɗauki batir 6S mai mAh 5,000. Kai shi matakin ajiya yana nufin cire wajen mAh 2,500 a kan bolt 24, wato kimanin wat 60 na awa guda. Caja mai wat 5 za ta kwashe awa 12 tana wannan aiki, a batir guda. Yawancin caja kuma suna da agogon tsaro da ke kashe su bayan awa biyu idan ba a sauya ba. Wanda ya dawo gida da batura huɗu a cike ya ga abin da ke gabansa. Nan ne mutane ke neman hanyar gaggawa.

Hanyoyin haɗa rizista

Lissafin duka yana kan ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827: a raba bolt da om, a samu amfiya. A ninka bolt da amfiya, a samu wat, wato zafin da za a fitar.

Hanya ta farko ita ce a jona batir kai tsaye da rizista ko ƙwan mota, babu caja a tsakani. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan amfiya huɗu da ɗoriya daga batir 3S. Hanya ce mai arha, amma ƙwai bai san tsayawa ba. Zai ci gaba da sha har batir ya mutu.

Hanya ta biyu ita ce a sa rizistar a kan jar waya, tsakanin batir da caja, a kuma jona wayar balans. Rizista ta ɗauki mafi yawan zafin, caja ta ɗauki ragowar, tana daidaita wutar, tana karanta ƙwayoyi, tana yankewa idan an kai iyaka. Rizista a nan jaki ce mai ɗaukar kaya, caja ce mai kora. Sai dai ba kowace caja ke da wannan tsari ba. Wasu samfuran iCharger suna da shi. Wadda ba ta da shi, za ta ga bolt ɗin babbar waya bai yi daidai da jimillar ƙwayoyi ba, ta yi ƙara ta ƙi aiki.

Hanya ta uku ita ce mayar da wutar baya. Maimakon a ƙone ta, caja na tura ta cikin babban batirin da take sha daga gare shi, irin na mota ko na sola. Wasu caja masu baki biyu suna karɓar wuta daga baki guda su fitar ta ɗaya bakin, inda aka jona tarin rizista. Sharaɗi biyu ne a nan: babban batirin ya kasance yana da sauran ciki, kuma kada a kuskura a yi haka idan cajar tana sha ne daga na'urar da ke jone da wutar gida, domin na'urar ba ta karɓar wuta ta baya, tana iya ƙonewa.

Akwai kuma na'urorin saukewa da kamfanoni irin su ISDT da SkyRC ke ƙerawa, waɗanda suka haɗa rizista da fanka da mayanki a akwati guda.

Misali a kan teburi

A koma ga batirin nan 6S. Ana son a sauke shi da amfiya 5, wato 1C, ta hanya ta biyu. An samo rizistoci biyu masu rigar alminiyom ruwan zinare, kowace om 8, wat 100. Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, wutsiya da wutsiya, tarewarsu ta koma om 4, juriyarsu ta zama wat 200. Amfiya 5 a kan om 4 bolt 20 ke nan, wato wat 100 na zafi, kowace rizista ta ɗauki 50, rabin abin da aka rubuta mata. Cajar kuma ta riƙe ragowar bolt 5.2, wato wat 26 a farko, yana raguwa zuwa wajen 14 yayin da batir ke kusantar bolt 22.8. Aikin awa 12 ya dawo ɗan fiye da rabin awa.

Wannan rabin juriyar rizista da aka bari ba almubazzaranci ba ne. Lambar wat da ke jikin irin wannan rizista tana aiki ne kawai idan an ɗaure ta da kusoshi a kan faffaɗan farantin alminiyom mai haƙora. Idan a iska take rataye, ko rabin lambar ba lallai ta jure ba. Wat 100 na rabin awa ya isa ya tafasa rabin litar ruwa. Don haka ake ɗora farantin a kan siminti ko tayil, a sa masa fankar kwamfuta, a nisanta shi da batirin, a yi amfani da waya mai kauri, a sa fis kusa da batir. Babbar wuta ta babbar waya take bi. Wayar balans siririya ce, aikinta aune ne kawai.

Da an danna maɓalli, lambobin allon caja za su faɗi nan take, daga 4.20 zuwa wajen 4.1, tun kafin wani caji na kirki ya fita. Wannan saboda tarewar da ke cikin batirin kansa ne. Haka kuma idan aka yanke wuta a 3.80, bayan 'yan mintoci sai a ga ya farfaɗo ya haura. Shi ya sa caja mai kyau ke rage wutar sannu a hankali a ƙarshe, har lambar ta zauna. Wanda ke aiki da ƙwai da mita kaɗai sau da yawa yakan ɗauka ya kai, alhali da saura.

Zaɓin om ma yana da tasa iyakar. Idan ya yi yawa, a ce om 10, wutar ba za ta wuce amfiya biyu da rabi ba ko me aka saita. Idan ya yi kaɗan, zafin ya koma kan caja, ita kuma ta rage wuta don ta ceci kanta. Tarin da ya dace da 6S ba zai dace da 2S ba.

Inda ake saɓani

Saɓani na farko a kan sauri ne. Masu tseren motoci, musamman a ajin da aka ƙayyade ƙarfin injin, sukan sauke batir 2S da amfiya 30 ko 40, sannan su cika shi da ƙarfi dab da tsere. Hujjarsu ita ce batir mai ɗumi tarewarsa ta ciki na raguwa, ya fi ba da ƙarfi a zagayen farko. Tunda hukumomin tsere sun ƙayyade bolt ɗin da batir zai shiga fili da shi, wannan ɗan bambanci ne suke nema. Masu adawa ba su musanta ba, amma sun ce farashinsa gajartar ran batir ne. Duka biyu gaskiya ne. Ɗan tsere ya yarda ya sauya batir da wuri don ya ci kofi. Mai ɗaukar hoto da jirgi ba shi da abin da zai samu a nan, 1C ko 2C sun ishe shi.

Na biyu a kan wa'adi ne: kwana nawa batir zai yi a cike kafin a sauke shi? Wasu sun ce kwana guda, wasu biyu ko uku, wasu har mako. Babu wata sa'a da batir ke lalacewa farat ɗaya. Lalacewar tana taruwa ne, kuma zafi na hanzarta ta. Saukewar ma kanta ɗan amfani ne da ke cin ran batir, don haka wanda zai tashi jirgi gobe da safe ba shi da dalilin saukewa yau da daddare.

Na uku a kan ruwan gishiri ne. An daɗe ana cewa a jefa mataccen batir a ruwan gishiri ya yi kwanaki. Masu suka sun nuna cewa gishirin yana cinye harshen alminiyom na ƙwayar kafin cajin ya ƙare, hanyar wuta ta katse, a auna a ga sifili alhali ciki da sauran wuta. Shi ya sa da yawa suka koma ga ƙaramin ƙwai ko rizista mai jan wuta kaɗan, a waje, a cikin bokitin yashi, har kwana guda bayan ƙwan ya mutu. Sannan a auna, a murɗe jar waya da baƙa wuri guda, a kai wa masu karɓar matattun batura.

Na huɗu a kan ƙwai da rizista ne. Ƙwai yana da arha, kuma haskensa na nuna aiki na tafiya. Amma tarewarsa na sauyawa da zafinsa, a sanyi ƙasa take ƙwarai, don haka yana fizgar wuta a farkon jonawa, kuma bai dace da gwajin da ake son lissafi daidai ba. Ƙwai mai bolt 12 kuma ba zai daɗe a kan 4S ba, 6S kuwa sai an jera biyu.

Abin da kuskure ke haifarwa

Babban haɗari ba a lokacin saukewa yake bayyana ba, sai a cajin da ya biyo baya. Idan ƙwaya ta faɗi can ƙasa, siririn jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa cikin ruwan sinadarin. Da aka sake caji, sai ya dawo ya daskare kamar ƙananan ƙayoyi da ke iya huda shamakin da ya raba ɓangarorin biyu. Daga nan sai shot a ciki, zafi ya haifi zafi, ƙwaya ta kunna ta kusa da ita. Batirin yana iya nuna lafiya a waje yayin da wannan ke faruwa.

Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne jimillar bolt tana yaudara. Batir 4S da mita ta nuna bolt 13.2, mutum zai raba huɗu ya ce 3.3 ne, lafiya lau. Amma mai yiwuwa uku suna 3.5, ta huɗun tana 2.7. Ƙwaya mai rauni ce ke riga faɗuwa, kuma wayar balans ce kaɗai ke tona ta. Wanda ba shi da caja mai wannan tsari, aƙalla ya jona ƙaramar na'urar nan mai ƙara da ake saƙala wa wayar balans, ya kuma zauna a wurin.

A ƙasa mai zafi

Jirage marasa matuƙi sun shiga aikin masu ɗaukar hoton biki da masu shirya fim da masu safiyo a garuruwanmu, kuma yanayinmu bai yi wa wannan batir sauƙi ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Cikakken batir a irin wannan wuri ya haɗa abubuwa biyun da suka fi tsufar da shi. Rashin tabbas na wutar lantarki kuma yana sa mutum ya cika duk baturansa da zarar an kawo wuta, ya ajiye su har sai buƙata ta taso. Ga wanda ke da batirin sola a gida, mayar da wutar cikinsa ya fi ƙone ta a rizista, muddin cajarsa na da wannan tsari. Wanda zai yi amfani da rizista kuma ya sani cewa iska mai zafi ba ta sanyaya faranti da sauri, sai ya ƙara girmansa ko ya rage amfiya. Shi kansa batirin bai kamata ya kai digiri 60 ba. Idan hannu ya kasa riƙe shi, a tsaya.

Kammalawa

Sauke caji ba al'ada ce da ake yi wa LiPo kafin kowane caji ba. Aiki ne mai dalili, kuma kowane dalili da iyakarsa: 3.8 don ajiya, wajen 3.3 don gwaji, sifili don zubarwa kaɗai. Tarin rizista yana magance matsala guda, wato jinkirin caja, kuma yana magance ta da kyau idan an yi lissafin om da wat, an ba zafi hanyar fita. Amma ba ya aune, ba ya yankewa. Wanda ke da ƙananan batura biyu ko uku, cajarsa ta ishe shi, ko ma ya tashi jirgin na 'yan mintoci ya ƙarasa da ita. Wanda ke da manya da yawa, rizista za ta rage masa awanni, da sharaɗin akwai abin da ke kallon kowace ƙwaya, akwai kuma mutum a kusa har aikin ya ƙare.